Sunan Kamfani, Lambar Inji da Takardar Garanti: Wanne Ke Riƙe Mota a Maraɗi?

Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin masu saida motoci a Maraɗi ya san yadda cinikin ke farawa. Kafin ka ɗaga bonet dillali ya riga ya ce, "Alhaji, ai Toyota ce, kada ka wahalar da kanka." In kuwa Hyundai ce ko Kia sai waƙar ta sauya: "Ranka ya daɗe, wannan a Amurka garantin shekara goma gare ta." Kowace daga cikin maganganun nan tana da ƙanshin gaskiya, kuma kowace tana iya sa mutum ya binne miliyoyin sefa a gareji. Toyota ta taɓa ƙera injunan da ke shan man inji kamar yadda rairayi ke shan ruwan farko. Garantin shekara goman kuma ya mutu tun kafin motar ta hau jirgin ruwa.

A ƙasarmu tambarin da ke gaban mota shi ne na ƙarshe a cikin abubuwan dubawa. Ana fara duba wane inji ne a ciki da wace irin giya, wato buwat. Sai a duba don wace kasuwa aka ƙera ta. Sannan a tambaya ko kayan gyaranta na kwance a shagunan garin nan, ko Katsina da Kano, da ko akwai bakaniken da ya san cikinta. Garanti kuwa amfaninsa iri biyu ne, ɗaya ga mai sabuwar mota, ɗaya ga mai ƴar Kwatano, wato tsohuwar motar da aka shigo da ita ta tashar jirgin ruwan Kwatano, kuma na biyun ba shi ne wanda dillali ke nufi ba.

Jadawalin ƙarko da ake yaɗawa a Facebook da WhatsApp yawanci daga wurare uku yake fitowa. J.D. Power na Amurka na ƙirga matsaloli a cikin kowace mota 100 da ta shekara uku a hannun mai ita. Consumer Reports na tambayar mambobinta abin da ya same su. TÜV na Jamus kuma na tattara sakamakon binciken lafiyar mota da doka ta wajabta a can. Toyota da Lexus kan kasance a sahun gaba a na Amurkan shekara da shekaru, wannan ba a musu. Sai dai a lissafin J.D. Power, wayar da ta ƙi haɗuwa da rediyon mota matsala ɗaya ce, injin da ya buga shi ma matsala ɗaya ce. Kuma motar da ake magana a kanta ƴar shekara uku ce, tana tafiya kan kwalta mai santsi, tana shan tataccen mai. Wadda ke isowa Maraɗi sau da yawa ta haura shekara goma, za ta tarar da zafin Afrilu da Mayu da ke wuce digiri 40, da ƙurar hunturu, da hanyoyin ƙauyukan Dakwaro da Mayayi masu rairayi da gargada, da lodin da kamfanin bai taɓa mafarkinsa ba. Jarrabawar can daban, ta nan daban.

Bari a shiga cikin injunan, don nan ne maganar take.

Sunan da Toyota ta yi a nan tsofaffin injuna ne suka yi mata shi. 4A-FE da 7A-FE na Corolla da Carina E, da 5S-FE na tsohuwar Camry, bel ɗin taimin gare su, amma ko bel ɗin ya tsinke a hanya fistin ba ya dukan bawul: a ja motar, a sa sabon bel, a ci gaba. 1HZ mai silinda shida, lita 4.2, wanda ke cikin Land Cruiser da Coaster tun 1990, famfonsa na gazuwal na ƙarfe ne zalla, ba kwamfutar da za ta yi fushi. 5L na Hilux da Hiace ba shi da gudu, amma yana da haƙuri da man da ba shi da kyau. Abin da waɗannan na gazuwal ba sa yafewa biyu ne: zafi, wanda ke tsaga kan injin 5L da ƴan'uwansa, da sakaci da bel, domin su in ya tsinke bawul na lanƙwashewa. Kilomita 100,000 shi ne iyakar da ya kamata a ba shi a tsofaffin, ko shekara biyar, a canza shi tare da tenshina, ba shi kaɗai ba.

To amma kamfanin nan guda shi ya ƙera 2AZ-FE mai lita 2.4, wanda ke cikin Camry ta 2007 zuwa 2009 da RAV4 ta 2006 zuwa 2008, motocin da suka cika garin nan. Ramukan da man inji ke komawa ta cikinsu a jikin fistin na toshewa, ringin mai ya maƙale, injin ya riƙa ƙona mai a hankali ba tare da hayaƙin da zai tona shi ba. Mai motar ya yi juyen mai, ya manta da sandar awo, bayan kilomita 3,000 fitilar mai ta fara ƙiftawa a kwana, metal ya riga ya ji jiki. Maganinsa na gaskiya sabbin fistin da ringi ne. Kaurin mai ɓoye ciwon kawai yake yi. Camry ta 2010 da ta zo da 2AR-FE mai lita 2.5 ta fi kwanciyar hankali nesa ba kusa ba, ga shi jikin motar kusan iri ɗaya ne, sai ka duba da kyau. A Avensis ma haka: mai 1.8 ta fi mai 2.0 D-4 sauƙin riƙo, ita kuma mai gazuwal 2.2 D-4D ta shekarun 2005 zuwa 2009 ta yi suna wajen ƙone gaskat ɗin kan inji. Ko a 2024 sai da Toyota ta janye Tundra da Lexus LX kimanin 100,000 a Amurka saboda ɓurɓushin ƙarfen da aka bari a cikin inji tun daga masana'anta. Ba wanda ya fi ƙarfin kuskure.

Hyundai da Kia an fi yi musu kuɗin goro, kuma bai dace ba. Injin Beta mai lita 2.0 na Elantra kafin 2011 da Tucson ta farko yana da ƙarko, in dai ana kula da bel ɗinsa. Wanda ya ɓata musu suna shi ne Theta II mai fesa esans kai tsaye cikin silinda, wanda ake rubuta wa GDI, a Sonata da Optima na 2011 zuwa 2014, da Sorento da Sportage da Santa Fe na wannan zamanin. An bar ɓurɓushin ƙarfe a hanyoyin mai na karanshaf, metal ɗin kwanrod ya rasa mai, sai ƙwanƙwasa, sai inji ya kama, wasu har da gobara. A 2015 aka janye Sonata kimanin 470,000, a 2017 aka faɗaɗa janyewar, a 2020 kuma hukumar kiyaye haɗurra ta Amurka ta ɗora wa kamfanonin biyu tarar da ta kai dala miliyan 210 saboda jan ƙafa. Idan irin wannan motar ta burge ka, abin tambaya guda ne: an canza mata inji a can kafin ta taso, ko da na asalin ta zo?

Nissan ta yi TD27 da TD42, injunan da ba su san gajiya ba. Matsalarta a motocin zamani giyar CVT ce, wadda ba ta da haƙoran giya, sai bel ɗin ƙarfe tsakanin fule biyu. Murano, Altima daga 2007, Rogue, Sentra, Qashqai mai otomatik, duk ita ce a ciki. Abokin gabanta zafi ne, kuma ba abin da ke dafa ta kamar a kafe a rairayi direba ya riƙa taka totur yana gaba yana baya. Man ya ƙone, bel ya karce fule, daga nan sai kuka da karkarwa. Ba ta shan man giya na gama-gari, sai NS-2 ko NS-3 gwargwadon shekararta, kuma wanda ya zuba mata jan man da ake saidawa a kowane shago ya yanke mata kwana. A lura, Corolla ta Amurka daga 2014 yawancinta CVT ce ita ma. Ta fi ta Nissan haƙuri, amma ba motar shiga rairayi ba ce.

Na Turai a gaggauce. Peugeot tsohuwar zuma ce a yankin nan tun da aka fara harhaɗa ta a Kaduna a 1975, kuma 406 mai giyar hannu har yau tana biyan kuɗin sabulu. Mai otomatik AL4 kuwa bawulolin lantarkinta na gajiya, ta riƙa buga giya tana maƙalewa a ta uku. Injin Peugeot 1.6 THP sarƙar taimin ɗinsa na saki da wuri. 1.2 PureTech bel ɗinsa a cikin man inji yake iyo, in ya fara ruɓewa gutsattsarinsa su toshe rariyar famfon mai. Ford Focus ta 2012 zuwa 2016 mai giyar PowerShift, da Volkswagen mai giyar DSG bakwai ta busasshen kuloci, ba su dace da tafiyar tsaya-taka ta cikin kasuwa ba. Mercedes 190 da W124 masu gazuwal wata duniya ce daban da Mercedes ta yau mai balan-balan ɗin iska a madadin sifirin, wadda in ta durƙusa a Tasawa sai an jira kaya daga nesa.

Akwai wani tarko da ya fi duk waɗannan kama masu kuɗi, wato motar gazuwal da aka ƙera don Turai. Hilux biyu za su tsaya gefe da gefe, fenti ɗaya, suna ɗaya, amma ɗaya an yi ta don Afirka, ɗayar don Faransa ko Beljiyam. Ta Turan, in dai daga wajen 2011 ne zuwa sama, tana da matatar toka a cikin salansa, DPF, na baya-bayan nan kuma har da tankin AdBlue, ruwan da ake fesawa a salansa don tsabtace hayaƙi. An tsara su ne don gazuwal ɗin da sulfa a cikinsa bai wuce kashi 10 cikin miliyan ba, ƙa'idar Turai tun 2009. Matatar na ƙone baƙin hayaƙin da ta tara ne idan zafin salansa ya kai wajen digiri 600, abin da ke son doguwar tafiya ba tsayawa. Motar da aikinta daga gida zuwa kasuwa ne ba ta samun wannan damar. Kwamfuta ta riƙa ƙara fesa gazuwal don ta ɗaga zafin, ragowar ya gangara cikin man inji, ka ja sandar awo ka ga mai ya ƙaru maimakon ya ragu, yana warin gazuwal. Wannan ba albarka ba ce, man ne ya tsinke. Su kuma injektocin zamani suna aiki da matsin da ya kai 1,600 zuwa 2,000 a ma'aunin matsi na bar, ramukansu sirara ne ƙwarai. Tun 2011 matatar SORAZ ta Damagaram ke ba ƙasar nan mai, amma man da ya bi ta durom da jarka da kwalbar ƴan ruwa-ruwa ya kwashi ruwa da ƙura a hanya, ko daga ina ya fito. 1HZ zai haɗiye ya wuce. Injin zamani zai mayar maka da lissafin injekta huɗu da famfo.

Yanzu garanti. Alƙawari ne na kamfani cewa zai gyara kyauta abin da ya lalace saboda kuskuren ƙira ko na harhaɗawa, cikin wasu shekaru ko wasu kilomitoci, duk wanda ya riga cika. A Amurka Toyota na ba da shekara 3 ko mil 36,000 kan motar gaba ɗaya, da shekara 5 ko mil 60,000 kan inji da giya. Hyundai da Kia na ba da shekara 10 ko mil 100,000 kan inji da giya, amma ga mai sayen farko kaɗai. Da zarar ta sauya hannu sai ya koma shekara 5 ko mil 60,000. A Turai Kia na ba da shekara 7 ko kilomita 150,000, Hyundai shekara 5, yawancin kamfanonin Faransa da Jamus kuma shekara 2 ne tushensu. Duka waɗannan a ɗaure suke da ƙasar da aka saida motar da garejojin wakilan kamfanin na can. Ƙari a kan haka, motocin Amurka da yawa da ke zuwa yankin nan daga gwanjon motocin kamfanonin inshora suke, a wuraren gwanjo irin su Copart da IAA, bayan haɗari ko ambaliya, kuma motar da aka rubuta wa takardar "ta tashi daga aiki" garantinta ya faɗi ko da wata shida gare ta. Saboda haka ga ƴar Kwatano, ko ta Lome ta biyo, darajar garantin kamfani sifili ce. Kada a ƙara maka ko jikka ɗaya a kan farashi da sunansa.

Ga sabuwar mota daga hannun wakilin kamfani, irin CFAO da ke riƙe da Toyota a Yamai, garantin na gaske ne. Abin da aka saba gani a sabuwar Toyota shekara 3 ne ko kilomita 100,000, amma abin da ke rubuce a littafinka shi ne hujja. Kafin ka yi murna ka yi lissafi. Daga Maraɗi zuwa Yamai ta Madawa da Ƙonni da Doso kimanin kilomita 660 ne. Ɗan kasuwar da ke zuwa ya dawo sau ɗaya a mako yana cin kilomita 1,320, ke nan cikin kamar shekara ɗaya da rabi ya cinye 100,000 ɗin. Ma'aikacin da ba ya wuce kilomita 10,000 a shekara kuwa, shekarunsa uku za su ƙare motar na kan 30,000, ba ta ma fara tsufa ba. Kuma sharaɗin da ke riƙe garantin shi ne a yi kowane juyen mai a kan lokaci a garejin da kamfani ya yarda da shi, a buga hatimi a littafi. Idan garejin a Yamai yake, kowane juyen mai zai ci maka fiye da lita 120 na gazuwal zuwa da dawowa a Hilux, ban da kwana biyu na aikinka. Don haka tambayar da za ka yi kafin ka biya, kuma a ba ka amsarta a rubuce, ita ce: wane gareji ne mafi kusa da Maraɗi da hatiminsa ke karɓuwa, kuma in motar ta tsaya a Madarunfa wa ke biyan kuɗin ɗaukarta?

Ka kuma karanta shafin abubuwan da ba ya ɗauka, don can ne ake kokawa. Takalmin birki, faifan kuloci, tayoyi, filtoci, ƙwan fitila, duk kayan da ke cinyewa da aiki ba sa ciki. Lalacewar da gurɓataccen mai ya jawo ba ta ciki, kuma abu na farko da za a yi idan ka kai ƙarar injekta shi ne a ɗebi gazuwal ɗin tankinka a duba. Shiga ruwa da damina ba ya ciki. Lodi fiye da ƙima ba ya ciki, kuma ƙarin ganyen sifirin da aka yi maka don ɗaukar buhunan wake shaida ne a kanka. Haka yanka waya don sa fitilu ko na'urar bin sawu. Ina ganin garantin sabuwar mota ya cancanci a kiyaye shi sosai a shekarar farko, domin kuskuren masana'anta da wuri yake nuna kansa, kuma giya ko kwamfutar inji guda ɗaya ta fi kuɗin duk tafiye-tafiyen. Sabuwar da aka sayo daga ƴan kasuwar Dubai kuwa, ko da ledar kujerunta ba a cire ba, garantinta na wakilin wata ƙasa ne, wakilin nan ba dole ne ya karɓe ta ba. Motocin Sin irin su Chery, Geely, Changan da Haval suna zuwa da dogayen alƙawura da farashi mai daɗi, kuma ƙirarsu ta inganta ƙwarai. Abin da zan auna su da shi ba shekarun da ke kan takarda ba ne: kwana nawa ake jira kafin gilashin gaba ko famfon ruwa ya iso?

Amfanin garanti ga mai tsohuwar mota a wani wuri yake. Kamfani ba ya tsawaita garanti a kan abin da ke lafiya. Duk inda ka ji an ƙara wa wani sashe shekaru bayan an saida motar, to an nuna maka inda ciwon yake. Toyota ta tsawaita na 2AZ-FE zuwa shekara 10 ko mil 150,000 kan shan mai, har ta sa ma'auni: injin da ya sha kusan lita ɗaya cikin kimanin kilomita 1,900 ya faɗi jarrabawa. Nissan ta ninka na CVT zuwa shekara 10 ko mil 120,000 a motocin 2003 zuwa 2010. Honda ta ba da shekara 10 kan bulok ɗin injin Civic 1.8 ta 2006 zuwa 2009 saboda yana tsagewa ya zubar da ruwa. Ba za ka ci moriyar ko ɗaya daga cikinsu a Maraɗi ba, amma kamfanin da bakinsa ya faɗa maka inda za ka haska tocila.

Ɗaya daga cikin irin waɗannan ya wuce maganar kuɗi. Jakar iskar kariya ta kamfanin Takata, wadda ke cikin sitiyari da gaban fasinja, ana hura ta ne da wani sinadari da zafi da laima ke lalatawa da tsawon shekaru. In ta tashi a haɗari, gwangwaninta na iya tarwatsewa ya watsa ƙarafa a fuska da wuya. An janye kimanin miliyan 67 a Amurka kaɗai, kamfanin ya karye a 2017, kuma Corolla, Civic, Accord da CR-V na shekarun 2000 da dama suna ciki. Motar da ta baro can kafin a canza mata tana nan da tata. Ana iya sa lambar shasi a shafin hukumar kiyaye haɗurra ta Amurka, NHTSA, kyauta a ga ko akwai janyewar da ba a yi ba.

Lambar shasin nan, VIN, harufa da lambobi 17 ce, tana ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba da jikin ginshiƙin ƙofa, kuma dole ta dace da ta kart giriz da takardun duwan. Farkonta na faɗin inda aka ƙera motar: J Japan, 1 ko 4 ko 5 Amurka, 2 Kanada, K Koriya, W Jamus, VF Faransa. A Toyota, SB1 Ingila ce, NMT Turkiyya, AHT Afirka ta Kudu, MR0 Tailan. A motocin Amurka na goma a jerin shi ne shekara: 7 na nufin 2007, 9 na nufin 2009, A 2010, B 2011, haka har gaba. Da wannan kaɗai za ka kama Camry ta 2008 da aka sauya wa fitilu da bamba aka ce maka ta 2010 ce. Ka rubuta lambar a Google ma, sau da yawa hotunan ranar gwanjo na fitowa, ka ga motar da gabanta a murƙushe. Kuma agogon motar Amurka da mil yake ƙirga: 120,000 a can kilomita 193,000 ne.

Ranar dubawa ka je da sassafe, ka ɗora hannu kan injin kafin a tayar. In da ɗumi, an riga ka, kuma ƙarar sarƙa da ƙwanƙwasar metal da hayaƙin farko duk a sanyi suke fitowa. Ka murɗa makulli ba tare da tayarwa ba: fitilar inji, ta birkin ABS da ta jakar iska dole su kama, sannan su mutu bayan an tayar. Wadda ba ta kama ba tun farko an cire ƙwanta ko an liƙe ta. Ka buɗe akwatin filtar iska, ka cire filtar, ka zura yatsa cikin bututun da ke wucewa zuwa inji. Yatsan ya fito da tsabta. In ya fito da jan gari mai laushi kamar hoda, injin ya daɗe yana shaƙar ƙura, ringi da silinda sun sha goga. Ka buɗe murfin lagireto tun injin na sanyi, a tayar, ka zuba ido: kumfar da ke tasowa ba ƙaƙƙautawa alamar gaskat ce. Ruwan ya zama mai launi, ja ko kore, ba ruwan tsatsa ba. Ka shinshina man giya. Warin ƙuna ya isa dalilin fasa ciniki. Ka ɗaga kafet ɗin ƙarƙashin kujera ka ja bel ɗin kujera har ƙarshe, laka da tsatsa da layin ruwa nan suke ɓuya. A sa na'urar karanta kwamfuta, kada a tsaya kan "ba kod": a duba ko gwaje-gwajen cikin kwamfutar sun kammala, don in duk ba su kammala ba, yanzun nan aka goge laifuffukan. A auna kwamfireshan, bambanci tsakanin silinda kada ya wuce kashi 10 cikin ɗari. Batir ya nuna wajen bolt 12.6 a kashe, 13.8 zuwa 14.4 injin na aiki. Sannan a hau hanyar Ɗan Isa ko ta Gidan Rumji a yi kilomita 20 da kilim a kunne, a dawo a bar ta tana aiki a tsaye minti goma ana kallon allurar zafi da fanka.

Bayan saye, rabin abin da ake kira rashin ƙarkon kamfani aikin hannunmu ne. Tazarar juyen mai ta kilomita 15,000 da littafin Turai ya rubuta ba tamu ba ce. Ƙura da zafi sun sa mu a sahun aiki mai tsanani, wato kilomita 5,000 ko wata shida, da sabuwar filta kowane karo. Filtar iska a kaɗe ta a hankali ko a canza, iskar kwamfiresa na yaga ramukan takardar ta yadda ido ba ya gani. Ruwan rijiya ko na famfo a lagireto na barin farar ƙasa a bututu yana cin alminiyom. A sa ruwan sanyaya inji na gaskiya. Al'adar cire tamostat, bawul ɗin da ke daidaita zafin ruwan inji, "saboda ƙasarmu da zafi" kuskure ce. A injuna da yawa cire shi na barin wata gajeriyar hanya a buɗe, wani ruwan ya riƙa zagayawa bai bi ta lagireto ba, da sanyin hunturu kuma injin ya ƙi kai zafin aikinsa, kwamfuta ta yi ta ƙara esans yana wanke man jikin silinda. In mota na zafi a duba lagireto, fanka, famfon ruwa da murfi, wanda in ya daina riƙe matsinsa na wajen bar 1 ruwan ke tafasa da wuri. Sai kayan jabu, waɗanda Toyota ta fi kowa fama da su saboda ita ta fi kasuwa: filtar mai a kwali mai kyau amma ba bawul a ciki, fulogin da aka rubuta wa iridiyom alhali ƙarfe ne kawai. Denso, NGK, Aisin da KYB su ke yi wa kamfanonin Japan kaya tun asali, amma su ma ana kwaikwayon kwalinsu, don haka amanar mai shago ta fi tambarin.

Garantin da mai sayen ƴar Kwatano zai iya samu na gaske shi ne wanda ya karɓa daga hannun mai sayarwa. Fiƙihun Malikiyya ya san haƙƙin mayar da kaya saboda aibin da aka ɓoye, dokar da muka gada daga Faransa ma ta san shi, amma dukansu hujja suke nema, kuma "wallahi lafiyarta ƙalau" ba ta tsayawa gaban kowa. A rubuta takarda kafin kuɗi su sauya hannu: lambar shasi cikakkiya, lambar inji, abin da agogo ya nuna ranar, da kwanakin gwajin da aka yarda, ko bakwai ne ko goma sha huɗu. A ambaci abin da ke ciki da sunansa, wato inji, giya da zafi, a kuma faɗi abin da zai faru in ɗaya ya bayyana: mayar da mota da karɓar kuɗi, ko gyara a kan mai sayarwa, a garejin wa. A cika man inji daidai layin sama a gaban shaidu biyu, a ɗauki hoton sandar awo da na agogo, a sake dubawa bayan kilomita 1,000. In mai motar ya yarda, a riƙe wani kaso na kuɗin a hannun wanda ku biyun kuka amince da shi har kwanakin su cika. Dillali ya sa hannu shi ma, kusa da adadin la'adar da ya karɓa.